Darasi na Bakwai: Hulɗa da Jama'a a Waya da a Filin Taro

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance talla da hulɗa da jama'a;
2. gane mutanen da sana'arsa ko ƙungiyarsa take buƙatar amincewarsu;
3. tsara gajeren saƙo na gaskiya da zai tura ta waya;
4. shirya taro daidai ƙarfin aljihunsa;
5. sanin abin yi idan aka fara yaɗa mummunar magana a kan kayansa.

1. Talla daban, hulɗa da jama'a daban

Yarinyar da ta ɗora faranti a ka tana zagaya gari tana kiran a sayi ƙuli, talla take yi. Mai kantin da ya biya gidan rediyo a ambaci shagonsa sau uku a rana, shi ma talla yake yi. A talla kai ne kake yabon kayanka da bakinka, ko ka biya wani ya yaba maka. Kowa ya san haka, shi ya sa mai sauraro ba ya ɗaukar maganar duka.

Amma idan mata biyu suka haɗu a gidan suna, ɗaya ta ce wa ɗayar, "Yaya, in man gyaɗa kike so, gidan su wance za ki aika, ba ta gauraya shi da komai," to wannan shaida ce. Ba a sayo ta da kuɗi ba, kuma ta fi talla goma nauyi a kunnen mai ji. Aikin da mutum yake yi da gangan, yau da gobe, domin irin wannan shaida ta yawaita a kansa, shi ne abin da za mu koya.

> Hulɗa da jama'a: shiri ne na ganganci da mutum ko ƙungiya suke yi domin mutane su san su, su fahimce su, su kuma amince da su.
>
> Talla: yabon kaya ko aiki domin a saya, yawanci ta hanyar biyan kuɗi.

A Nijeriya wannan fanni sana'a ce mai zaman kanta. Cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta ƙasa ta samo asali tun 1963, kuma a 1990 aka yi dokar da ta ba ta ikon kula da masu wannan aiki. Ma'aikatu da bankuna da jami'o'i duk suna da jami'in da ake kira kakaki. Sai dai mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sankira da mai shela sun daɗe suna isar da saƙon sarki da na masu biki, kuma ba a ba kowa wannan aiki, sai wanda aka san bakinsa. Waya ta zo ta sa saƙo yana nisa cikin sauri, amma ba ta kawar da tsohuwar tambayar da mai sauraro yake yi ba: wa ya faɗa?

2. Su wane ne jama'arka?

Kuskuren farko da masu ƙaramar sana'a suke yi shi ne su ce saƙonsu na kowa da kowa ne. Saƙon da aka yi wa kowa ba ya shiga kunnen kowa.

> Jama'ar da abin ya shafa: duk wani rukunin mutane da yardarsu ko ƙin yardarsu zai iya ɗaga sana'arka ko ya kayar da ita.

*Misali na farko.* A ɗauka wasu mata a Kafin Dafga, cikin ƙaramar hukumar Karaye, sun haɗa ƙungiya suna matsar man gyaɗa suna soya ƙuli. Idan suka zauna suka lissafa jama'arsu, za su ga ba masu saye kaɗai ba ne. Akwai matan gari masu sayen kwalba ɗaya. Akwai 'yan sari da suke ɗiban jarka su kai kasuwannin Karaye da Rogo, ko su wuce da ita birnin Kano. Akwai manoman da suke sayar musu da gyaɗa, waɗanda in suka ji ana jinkirta musu kuɗi za su karkata wani wurin. Akwai mazajensu da surukansu, waɗanda da izininsu ake fita taro. Akwai mai unguwa da dagaci da liman. Akwai kuma direba ko ɗan acaɓan da yake kai kaya, wanda yake magana da mutane fiye da kowa a rana.

Kowane rukuni da abin da yake son ji. Ɗan sari yana son ya san farashin jarka da ranar da kaya za su samu. Matar gida tana son ta san tsafta da cikar mudu ko kwalba. Dagaci yana son ya ji cewa ba za a kawo hayaniya a garinsa ba, kuma an sanar da shi kafin ya ji a bakin wasu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a yankin da sarauta take da ƙarfi. Karaye masarauta ce da ta haɗa ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma magana tana bin tsani ne daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Wanda ya tsallake tsanin nan ya tafi Facebook kai tsaye yakan dawo ya bi shi daga baya, da ban haƙuri a bakinsa.

3. Abin da rigakafin shan inna ya koya wa Kano

Babu misalin da ya fi wannan bayyana darasinmu, kuma yawancinku kun ga abin da idonku.

A 2003 magana ta bazu a arewacin Nijeriya cewa an gurɓata maganin rigakafin shan inna da abin da zai hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin na tsawon watanni, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta ƙaru, ta kuma tsallaka zuwa wasu ƙasashen da a da suka rabu da ita.

Masu shirin rigakafin suna da kuɗi, suna da fastoci, suna da lokaci a rediyo. Me ya hana a saurare su? Abu biyu. Na farko, mutane suna da dalilin tsoro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara a Kano, al'amarin da ya kai ga shari'a mai tsawo har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Wanda ya san wannan labari, fosta ba za ta kwantar masa da hankali ba. Na biyu, mutane suna tambaya: asibitinmu babu maganin zazzaɓi, amma ga wannan ana bin mu da shi har ɗaki kyauta, don me? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an daɗe ba a amsa ta ba.

Abin da ya juya al'amarin shi ne sauya masu isar da saƙo da kuma sauraron koken jama'a. Aka sake gwada maganin, aka samo wani daga Indonesiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Gwamnan jihar na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya bari aka ɗiga wa 'yarsa maganin a bainar jama'a. Daga baya sarakunan arewa ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi suka shiga aikin gadan-gadan, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa bin gida-gida. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda aka san iyayensu, su shiga cikin gidaje su yi magana da 'yan'uwansu mata. Waɗanda cutar ta naƙasa suka fito da kekunansu suna cewa ku dube mu. Aka kuma riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya inda ake ba da wasu magungunan, domin amsa waccan tambaya. A 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Ku lura, maganin bai canja aikinsa ba tsakanin 2003 da 2014. Bakin da yake magana ne ya canja, sannan masu shirin suka koyi yin shiru su ji. Mai sayar da man gyaɗa ba gwamnati ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce.

> Mai isar da saƙo: mutumin da jama'a suka riga suka yarda da shi, wanda in ya faɗi magana ake karɓa saboda shi.

4. Tsara saƙo

Saƙo mai kyau yana amsa tambayoyi biyar: wane ne kai, me kake da shi, nawa ne, ina za a samu, yaushe. Idan ya wuce minti ɗaya a murya, ya yi tsawo. Mutane suna sayen data da kuɗinsu, suna kuma biyan kuɗin caji a shago, ba za su ƙarar da su a kan doguwar gaisuwa ba.

*Misali na biyu.* Ga saƙo iri biyu daga shugabar waccan ƙungiya zuwa ga wani ɗan sari.

Na farko: "Muna da man gyaɗa mafi kyau a duk faɗin Nijeriya, yana maganin hawan jini da ciwon suga, ku hanzarta kafin ya ƙare."

Na biyu: "Assalamu alaikum, Alhaji, barka da kasuwa. Shugabar mata masu man gyaɗa ce daga Kafin Dafga. Mun matsi sabo jiya, jarka shida ne. Farashi yana nan yadda muka yi da kai wancan makon. In kana so, direba zai taho da shi ranar kasuwa. In ka buɗe ka ga ba yadda na faɗa ba, ka dawo mana da shi. A gaida iyali."

Saƙo na farko yana da aibi uku. Ya yi yabon da ba za a iya tabbatarwa ba. Ya yi da'awar magani, wadda ƙarya ce mai haɗari, domin wani zai iya ajiye maganin asibiti saboda ita, kuma hukumar NAFDAC tana hukunta masu irin wannan da'awa. Sannan bai faɗi wane ne mai magana ba. Na biyu kuwa ya faɗi adadi, ya faɗi rana, ya kuma ɗauki alkawarin da mai shi zai iya cikawa. Jimlar nan ta "ka dawo mana da shi" ita ce mafi tsada a cikin saƙon, kada a faɗe ta sai an shirya karɓar kayan in an dawo da su.

5. Wace kafa za ka bi?

> Kafafen sada zumunta: manhajojin waya da mutane suke aika wa juna rubutu da murya da hoto da bidiyo ta intanet, irin su WhatsApp da Facebook da TikTok.

A ra'ayina, mai ƙaramar sana'a a karkara ya fara da WhatsApp, ya ƙware a kansa kafin ya waiwayi sauran. Dalili shi ne saƙon murya. Wanda bai iya karatun boko ba yana iya dannawa ya ji, ya kuma danna ya mayar da amsa, kuma muryar mutum tana ɗauke da shaidar da rubutu ba ya ɗauka.

Hanyoyi uku ne a cikinsa, kowace da halinta. Sitatus hoto ne ko gajeren bidiyo da yake ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kawai suke gani. Ya dace da sanar da cewa kaya sun sauka yau. Jerin aikawa kuwa yana ba ka damar tura saƙo ɗaya ga mutane har 256, kowa ya same shi shi kaɗai kamar shi ka yi wa, amma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Saboda haka duk wanda ya saya a wurinka, ka roƙe shi ya ajiye lambar tun yana tsaye. Sai guruf, wanda shi ne mafi wahalar riƙewa. In ba a kafa masa doka ba, cikin mako guda zai cika da siyasa da hotunan barka da Juma'a da labaran da ba a san tushensu ba, masu sayen kuma su fice ɗaya bayan ɗaya. Kada ka jefa mutum a guruf ba da izininsa ba, musamman matar aure, domin duk wanda yake ciki zai ga lambarta. Akwai kuma WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, kyauta ne, yana ba ka damar jera hotunan kaya da farashinsu.

Facebook yana kai ka ga wanda bai san ka ba. Amfaninsa babba ga mutanen yankinmu shi ne 'yan gari mazauna nesa, waɗanda suke Kano da Kaduna da Abuja da Legas, masu kewar abincin gida, masu kuma iya turo kuɗi ta taransifa. TikTok yana tara 'yan kallo da sauri, amma yawan kallo ba ciniki ba ne, kuma abin da yake jawo kallo a can sau da yawa shi ne abin da zai zubar maka da mutunci a gida. Wanda zai yi bidiyo ya nuna aikin kansa: yadda ake tsince gyaɗa, yadda ake wanke kwalba, yadda ake cika mudu. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa ya nuna gonarsa da safe da ranar da zai yi ɗiba. Irin wannan ba ya buƙatar rawa ko zagi.

Kada a raina rediyo. Tun da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, ga kuma Rediyon Kano, kuma har yanzu manomi yana tafiya gona da rediyonsa. Shirye-shiryen noma da na sana'a suna neman baƙi da labari. In aka gayyace ka ka yi bayanin sana'arka, ka sami abin da ya fi tallan da za ka biya.

Gargaɗi ɗaya. Kafar da kake amfani da ita ba taka ba ce. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A shekarar 2021 ɗin kuma an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Waya ma tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ka sayi littafi ka rubuta sunayen masu sayenka da lambobinsu da garuruwansu, ka ajiye shi a ɗaki.

6. Taro

Abin da waya ba ta iya yi shi ne ta sa mutum ya ɗanɗana, ya shinshina, ya dubi idonka. Wannan aikin taro ne.

> Taron gabatarwa: zama ne da ake shiryawa domin jama'a su ga kaya ko aiki da idonsu, su yi tambaya, su san masu shi.

Manyan 'yan kasuwa suna zuwa kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano take shiryawa duk shekara. Ƙaramar ƙungiya ba sai ta je can ba. Sau da yawa ma ba sai ta kira nata taron ba, domin gari cike yake da tarukan da aka riga aka tara mata mutane: ranar kasuwa, saukar karatu, taron iyaye da malamai, ranar awon ciki a asibiti, bikin yaye ɗaliban ajin manya irin wannan namu. Neman izinin ajiye tebur a gefe ya fi kiran sabon taro sauƙi da arha.

In kuwa za a kira taro na musamman, lokaci shi ne rabin aikin. Kada a sa shi da damina ana tsakiyar noma, sai bayan kaka, lokacin da mutane suka sami sarari da ɗan abin hannu. Kada ya ci karo da ranar babbar kasuwa ta kusa, ko lokacin sallah. Tsakanin la'asar da magariba ya fi dacewa da mata. A je wa mai unguwa da dagaci da ƙafa, ba da saƙon waya ba, kuma tun da sauran mako biyu. Wakilin ƙungiya zai durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka haɗa 'yar sana'a, suna so su nuna wa jama'a, shi ne muka zo neman izini da albarka." A tanadi wurin zaman mata daban. A kuma rage jawabai. Taron da manyan baƙi bakwai suka yi magana a cikinsa yakan watse kafin a buɗe kwalba ɗaya.

*Misali na uku.* A ɗauka ƙungiyar ta ware naira 120,000. Waɗannan alƙaluma na koyon lissafi ne kawai, ku sa farashin garinku a madadinsu.

- Hayar rumfa da kujeru da tabarmi: 35,000
- Lasifika da janareto da mai: 25,000
- Ruwa da lemo: 20,000
- Ƙuli da mai na ɗanɗano: 15,000
- Goro da alawa na gaisuwa: 10,000
- Data da cajin waya: 5,000
- Ajiya saboda abin da ba a zata ba: 10,000

Jimla: 120,000.

Wace gaɓa ce ba za a taɓa ba in kuɗi suka gaza? Ta ɗanɗano, domin saboda ita aka kira taron. Lemo ana iya rage shi, lasifika ana iya aronta a makaranta.

A ranar taron a ba mutum biyu aiki na musamman. Ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta suna da lambar duk wanda ya yarda a kira shi. Ɗaya ya ɗauki hoto, amma sai ya tambaya. Matar da ba ta so a ɗauke ta, a ɗauki hannunta da kayan, ko a bar ta. Washegari a tura godiya ga kowa, a koma wurin dagaci a yi bangajiya. Yawancin ƙungiyoyi a nan suke sakaci, su kashe kuɗi su tara mutane, sannan su bar littafin lambobin a ƙarƙashin katifa.

7. Idan magana ta ɓaci

Wata rana wani zai ɗora hoton kwalbarka a guruf ya ce an gauraya man da wani abu. Ko gaskiya ne ko ƙarya, kafin la'asar maganar ta kai Rogo.

Kada ka mayar da martani cikin fushi, kada kuma ka yi shiru kwana uku. Fara bincikawa. Ka kira mai ƙorafin kai tsaye, da ladabi: "Baba, na ji abin da ya faru, don Allah a ajiye mini kwalbar, ina zuwa in gani." In laifinku ne, ku amsa shi a wurin da aka yi maganar, ku faɗi abin da ya jawo, ku mayar da kuɗi, ku faɗi gyaran da kuka yi. Mutane suna yafe kuskuren da aka amsa fiye da wanda aka ɓoye aka gano. In kuwa ƙage ne, kada ku tsaya cacar baki da kowa. Ku gayyaci mutum biyu ko uku da gari ya yarda da su, su zo su ga yadda kuke aiki daga gyaɗa har kwalba, su faɗa da bakinsu. Wannan shi ne abin da muka gani a sashe na uku.

Ku kiyayi rama zagi da zagi ko ambaton sunan abokin gasa. Ɓata suna laifi ne a kotu, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ake gurfanar da mutane a ƙarƙashinta. Haka nan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hana a yi amfani da lambar mutum ko hotonsa yadda aka ga dama, don haka littafin lambobinku amana ne, ba a sayar da shi, ba a ba ɗan siyasa aro.

8. Auna sakamako

Yawan masu kallo yana faranta rai, amma ba shi ake kaiwa kasuwa a sayo gyaɗa ba.

*Misali na huɗu.* A ɗauka ke ce shugabar waccan ƙungiya, mutum 200 suka kalli sitatus ɗinki, 5 suka saya. A mako na biyu kika tura saƙon murya ga tsofaffin masu saye 60, 9 suka saya. A na farko, mutum ɗaya ne cikin kowane 40 ya saya. A na biyu, 15 ne cikin ɗari, wato kusan ɗaya cikin kowane 7. Sitatus yana da amfaninsa wajen tunatarwa, amma lissafin ya nuna inda ya kamata ki fi sa ƙarfinki. Hanya mafi sauƙi ta sanin wannan ita ce ki tambayi duk sabon mai saye, "A ina kika ji labarinmu?" ki rubuta amsar a littafi, ki ƙirga a ƙarshen wata.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominka, faɗi bambancin talla da hulɗa da jama'a, ka kawo misali ɗaya na kowanne daga garinku.
2. Zaɓi sana'a ɗaya da ka sani. Lissafa rukuni biyar na jama'ar da abin ya shafa, ka faɗi abin da kowane rukuni yake son ji.
3. Waɗanne dalilai biyu ne suka sa mutane suka ƙi rigakafin shan inna a Kano a 2003? Su wane ne suka taimaka aka dawo da amincewa?
4. Nuna aibi uku da suke cikin saƙo na farko a misali na biyu.
5. Me ya sa saƙon jerin aikawa ba ya isa ga wasu mutane? Me za ka yi a kai?
6. An rage kuɗin taron misali na uku zuwa naira 80,000. Sake tsara kasafin, ka bayyana abin da ka rage da dalilinka.
7. Mutum 150 suka ji saƙonka, 12 suka saya. Mutum nawa ne cikin ɗari?
8. Wani ya yaɗa a guruf cewa mudunka ba ya cika. Faɗi matakan da za ka ɗauka a ranar farko.
9. Aikin aji: ku rabu biyu-biyu. Kowa ya ɗauki saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba a kan sana'arsa, abokinsa ya saurara ya faɗi ko ya amsa tambayoyi biyar na sashe na huɗu.